Kuluwa da Saiwoyi Masu Hawaye

Masu ba da labari sun ce a ƙarƙashin kowace gona akwai wata ƙasa mai sarakunanta da yaƙe-yaƙenta, wadda manomi ke takawa kullum bai sani ba. Cikin 'yan Adam ba a san wanda ya shige ta ya fito ba sai wata tsohuwa mai suna Kuluwa. Ita ma ba son ganin ƙwaƙwaf ne ya kai ta ba. Dawa ta bi.

Kuluwa mutuniyar fadama ce. Shekarar da kogi ya cinye garinsu, ɗanta na fari, Sallau, shi ya ɗora damin iri a ka, ya ratsa ruwa har wuya, ya kai shi tudu ko zangarniya ɗaya ba ta jiƙe ba. Ruwan ya bar masa ciwo a ƙirji, kafin kaka ya rasu, bai yi aure ba balle ya bar baya. Abin da ya bari duniya shi ne wata farar dawa da ya daɗe yana zaɓe, har mutane suka sa mata suna farar Sallau. Kuluwa kuwa ba ta taɓa kiranta haka ba. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa kuka a gaban jama'a. Sai dai ta ce "dawar yaron nan", ta kau da kai.

Tudun da suka koma jar ƙasa ce, ruwa na sauka a kanta kamar da bakin ƙwarya, amma farar dawa ta ƙi wurin. Kowace damina sai ta tsira, ta tsaya iya gwiwa, ta yi yaushi kamar ana fari. Iri ya yi ta raguwa har ya koma ƙwarya guda. A wannan damina Kuluwa ta shuke shi duka, ba ta rage ko ƙwaya ba. In ya mutu, shi ke nan, an gama da Sallau a bayan ƙasa.

Wata rana da hantsi tana cikin gona tana tumɓuke gyauron wata jar dawa da ke tsirowa da kanta, tana jefawa bayan shinge, sai maƙwabcinta Ranau ya leƙo. Tsoho ne haifaffen tudun, mai bakin tsiya, kuma jar dawar tasa ce.

Ya ce, "Baƙuwa, me 'ya'yana suka yi miki kike jifa da su kamar ƙaya?"

Ta ce, "'Ya'yanka ba su da tarbiyya, Mai Tudu. Gonar mutane suke shiga ba sallama."

"Ai sun riga ki zuwa. Ke ya kamata ki yi musu sallama."

"Gajeru, jajaye, tuwonsu kamar an tuƙa da ƙasar bango. Ba za su ɓata mini iri ba."

Ranau ya dubi farar dawar da ke langaɓe, ya buɗe baki zai faɗi wata baƙar magana, sai ya haɗiye. Ya ce, "Allah ya raya miki," ya koma bakin aikinsa.

Da ya tafi, Kuluwa ta durƙusa gindin wani suri da ke tsakiyar gonar, ta tone ƙarƙashin tsiro guda don ta ga abin da ke cinsa. Ba tsutsa, ba gara. Saiwar ce ta dunƙule, ta kumbura a baki kamar yatsan da ya yi karkare. Tana taɓa ta sai ta ji nishi, siriri, irin na jaririn da ya gaji da neman nono. Saiwar ta naɗe mata yatsa, ta ja. Surin ya dare gida biyu, ƙasa ta haɗiye ta.

Ta faɗa kan wani abu mai laushi da sanyi. Abin ya motsa ya ce, "Sauka a hankali, ya ke 'yar Adam, bayan tsohuwa kika hau."

Kuluwa ta duba, sai ga wata ƙatuwar tana, tsutsar ƙasa, mai kaurin turmi, tsawonta ya ɓace cikin lungu, ba ido a fuskarta. Kuluwa ta durƙusa ta ce, "Gafara dai, ranki ya daɗe. Ban zo da niyyar raini ba."

"Na san tafiyarki. Ni ce Makauniya, mai share hanyoyin ƙasa. Kullum ina jin sawunki a kaina, sawu ne mai nauyi, na wanda ya haɗiye magana. Me kike nema?"

"Abin da ke kashe mini dawa."

"Za ki gan shi. Hau bayana. Sharaɗi biyu ne: abin da kika ga yana ƙyalli kada ki sa a baki, wanda kika ga yana kuka kada ki share masa hawaye."

Suka kama hanya. Ƙasar ba rana, amma ba duhu, don bangayenta ja ne mai haske kamar garwashi. Suka wuce kasuwar ganyaye matattu, inda ƙananan halittu ke yayyanka ganye suna rabawa ba mai ɗaga murya. Suka wuce wani rami da iska mai zafi ke fitowa daga cikinsa, Kuluwa ta manne da wuyan Makauniya har suka tsallake. Can sai ga kogi a gabansu, ruwansa garau, warinsa ya sa haƙoranta suka mutu tun kafin ta taɓa shi.

Makauniya ta ce, "Kogin Tsami ke nan. Ruwan sama ne da ya yi yawa, ya wanke daɗin ƙasa ya tafi da shi, ya bar wannan. Ɗaga ƙafafunki."

Suka shiga. Ruwan ya riƙa cizon jikin Makauniya tana murɗewa. Gefen zanen Kuluwa da ya taɓa ruwan ya koɗe nan take. A tsakiyar kogi igiyar ruwa ta juya su, Kuluwa ta tuna wani ruwan da wanda ya ratsa shi, ta rufe ido, ta ƙanƙame, har suka fita.

A ɗaya gaɓar wani kwari ne cike da mari da sarƙoƙi na yumɓu, duk a karye, ba kowa a cikinsu.

Kuluwa ta ce, "Su wa aka ɗaure a nan?"

"Mutanen Farin Ƙarfe. Tun farkon duniya suna barci a cikin yumɓu, ba su cuci kowa ba. Da kogin can ya iso, ya cinye marinsu, suka tashi."

Ba su yi nisa ba sai fili ya buɗe, Kuluwa ta ɗaga kai ta riƙe baki. Daga rufin ƙasar saiwoyi ne ke saukowa kamar igiyoyin guga, ba iyaka. Can ƙasa, nesa, wani tafki ne mai sanyi, kuma duk shi suke nema. A tsakani kuwa ga rundunar Farin Ƙarfe, ƙanana kamar ƙwarƙwata, masu ƙyalli, kowane da mashi, suna yawo cikin iska. Ba sa taɓa jikin saiwa sai bakinta, wurin da take tsawo.

Ta gane nata tun daga nesa. Farare ne, sun tsaya can sama kusa da rufi, bakunansu sun kumbura da sukar mashi, sun yi shiru, ba mai ko tari. Kusa da su kuwa wasu saiwoyi ne ja, sirara, sun sauko har sun kusa tafki, kuma duk kuka suke yi. Hawaye na tsattsafowa daga bakin kowace, yana taruwa kamar raɓa.

Wata 'yar ƙarama a cikinsu ta sauko daidai fuskar Kuluwa, tana rawar jiki, hawaye ya lulluɓe ta, ga mayaƙa sun kewaye ta. Kuluwa ba ta yi shawara da kowa ba. Hannunta ne ya riga ta. Ta kama bakin mayafi ta ce, "Yi shiru, 'yar nan, yi shiru," ta share mata fuska tas.

Makauniya ta yi ƙara. Kafin Kuluwa ta sauke hannu, masu sun sauka a bakin 'yar saiwar kamar ƙudan zuma. Ta ƙame, ta kumbura, ta daina motsi. Sauran rundunar suka juyo kan Kuluwa, suka taru suka zama igiya mai ƙyalli, suka naɗe ta, suka yi gaba da ita.

Fadar da suka kai ta ba ta da nauyi ko kaɗan, iska na kaɗa ginshiƙanta. A kan karaga ga wani dogo fari fat, jikinsa na sheƙi, fuskarsa ta wanda ya daɗe bai runtsa ba.

Ya ce, "Lale da baƙuwa. Ke ce kika buɗe wa mayaƙana ƙofa, don haka ba za a taɓa ki ba. Ni ne Sarkin Farin Ƙarfe. Kin san dangina, ko da ba ki san ni ba. Waɗanda maƙera suka narkar suna nan a madafanku, tukwanen nan marasa nauyi da kuke kira na alminiyam."

Kuluwa ta ƙare masa kallo ta ce, "Ashe ɗan'uwan tukunyata ne. Ranka ya daɗe, ita kam ba ta taɓa cutata ba. Kai me dawata ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ba ƙiyayya ba ce, ya ke 'yar Adam. Halittata ke nan: in aka kwance ni, dole in kama wani abu. Bakin saiwa shi ne mafi taushi a ƙasar nan, shi nake samu. In na kama shi kuwa ya daina tsawo, mai shi ya mutu da ƙishirwa ruwa na ƙarƙashinsa." Ya yi ajiyar zuciya. "Amma na ji labarin damin da aka ratsa kogi da shi. Zan yi miki kyauta."

Ya miƙa hannu sama, ya sauko da zangarniya. Farar Sallau ce sak, cikakkiya, kowace ƙwaya a wurinta, sai dai ta ƙarfe ce.

"Karɓi. Ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta, ba wata dawa da za ta gurɓata ta. Yadda ya bar ta, haka za ta zauna har a naɗe ƙasa."

Kuluwa ta karɓa da hannu biyu. Rabonta da ganin zangarniyar nan a cike tun mai ita na da rai. Ta kai ta kusa da fuska, har leɓenta ya kusa taɓawa, don haka manomi ke gwada ƙwaya, da haƙori. Sai ta tuna sharaɗin Makauniya, ta tsaya. Ta riga ta karya ɗaya.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in na shuka ta za ta tsira?"

"Abin da ba ya mutuwa ba ya tsira."

"In yaro na jin yunwa fa?"

"Sai ya kalle ta."

Ta daɗe tana shafa ta da babban yatsa. Sannan ta ajiye a gaban karaga a hankali, kamar mai kwantar da jariri. Ta ce, "Na gode. Amma yaron nan ba don kallo ya ɗauko ta a ka ba."

Sarkin ya yi murmushi. "Da kin karɓa, da ke ma kin zama ginshiƙi a fadar nan. Tafi wurin Uwar Jajaye, wadda kika kashe wa 'ya. Ita ta san yadda ake ɗaure ni. Kada ki ji tausayina. Ɗaurin nan shi ne barcina, na kuwa gaji."

Mayaƙa suka mai da ita filin saiwoyi, inda Makauniya ke jira. Ta kai ta gindin wata tsohuwar saiwa ja, mai rassa kamar gashin tsohuwa, wadda bakinta ya riga ya shiga tafki. Kuluwa ta zube a gabanta.

"Na yi ɓarna da hannuna. Na ga yarinya na kuka, ban iya wucewa ba."

Uwar Jajaye ta ce, "Na gani. Da mugunta kika yi, da ban amsa miki ba. Tashi ki duba da kyau, wannan karon da ido, ba da hannu ba."

Kuluwa ta duba. Wani mayaƙi ya taso wa wata saiwa da mashi. Yana taɓa ta, sai wata 'yar ƙofa ta buɗe a bakinta, ɗigon hawaye ya fito. Ɗigon nan yana da hannuwa. Ya rungume mayaƙin ta kowane gefe, ya naɗe shi da mashinsa, suka gangara ƙasa tare, mayaƙin na lumshe ido. Saiwar ta ƙara tsawo, ta wuce.

Uwar Jajaye ta ce, "Hawayenmu tsami ne, irin na lemon tsami da yakuwa. Tsamin kogi ba shi da hannu, kwancewa kawai ya iya. Namu yana riƙewa. Ba ma zubar da shi sai an taɓa mu, kuma sai a baki, don da abincinmu muke yin sa. Shi ya sa kika gan mu gajeru a sama. Rabin tsawonmu a kuka muka ƙarar da shi a ƙasa."

Kuluwa ta ɗaga kai, ta bi jikin tsohuwar saiwar da kallo har rufi, sai ta gane wurin. Bakin shingenta ne. Kunya ta rufe ta.

"Ku ne 'ya'yan Ranau."

"Mu ne marasa tarbiyya."

Makauniya ta yi wata 'yar dariya a cikin maƙogwaro. Kuluwa ta sunkuyar da kai, can ta ce, "Ina da tsamiya a gida, kwando guda. In na jiƙa na zuba wa tawa fa?"

"Ruwan sama ɗaya zai tafi da ita. Kuma za ki tsaya a bakin kowace saiwa, a daidai lokacin da mashi ya iso?"

"To in hawaye ake so," muryarta ta sauka, "ina da na shekaru da ban zubar ba."

Uwar Jajaye ta sauko da wani siririn reshe, ta taɓa mata kunci. "Naki gishiri ne, 'yar Adam, ba ya ɗaure kowa. Ki zubar da shi don kanki, in kin samu wuri."

"Ki koya wa fararen nawa, don Allah."

"Ba a koyar da shi, gadonsa ake yi. A fadama aka haife su, inda Farin Ƙarfe ke barci, ba su taɓa bukatar ƙofar ba. Hanya ɗaya ce. Ki dasa mu a gindinsu, rami ɗaya. Mu yi kuka a madadinsu har su kai ruwa, su yi bununi tare da mu, iska ta ɗaura auren. 'Ya'yan da za a haifa, wasu za su zo da ƙofar. Amma ki sani, ba za su fito farare irin na ɗanki ba. Za ki ga ja a jikinsu har abada."

Shekarun nan duka abin da Kuluwa take karewa ke nan, farin nan, da hannunta da fartanyarta. Ta ce da Makauniya, "Ɗaga ni sama. Ba a yi wa mutum aure ba a tambaye shi ba."

Makauniya ta miƙe da ita har kusa da rufi, wurin fararen saiwoyi. Kuluwa ta sa hannu a ƙarƙashin ɗaya, ba ta taɓa bakin ba. Ta ce, "Kun ji abin da aka ce. Me kuka gani?"

Saiwar ta motsa, da ƙyar, ta ce, "Iya, ƙishirwa."

Kuluwa ta juya fuska ga bango, kafaɗunta suka yi ta rawa. Makauniya ba ta da ido, saiwoyi kuwa ba baƙin kuka ba ne, don haka ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri. Da ta gama, ta fyace hanci ta ce, "Mai da ni gida, rana na yi."

Ta fito ta bakin suri, rana ba ta ko kai tsaka ba. Ta zagaya bayan shinge ta tsince gyauron da ta zubar, ta tsoma gindinsu a ruwa. Ba su isa ba. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta nufi gonar Ranau, ta tsaya a bakin iyaka ta yi sallama har da durƙusawa.

Ranau ya dafa ƙugu. "Yau kuma? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Neman aure na zo."

"A shekarun nan namu? Baƙuwa, ki ji tsoron Allah, haƙorana ba su kai ko a ƙirga ba."

"Wa ke son ka, tsohon banza? 'Ya'yanka nake nema wa dawar yaron nan."

Ranau ya dube ta, ya ga idanunta sun yi ja, ya ga zanenta ya koɗe a gefe. Bai tambaya ba. Ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Gajeru ne fa."

"Na sani."

"Jajaye."

"Na ce na sani."

"To na ba ki. Sadakinsu tuwon farko, da miya mai kyau, ba irin taki ba."

Ranar suka wuni suna cirar jar dawa daga inda ta yi cunkoso a gonarsa, suna dasawa a gindin fararen, rami ɗaya. Ba duka suka rayu ba. Wasu fararen sun riga sun yi nisa, suka bushe a tsaye. Amma saura suka ɗago, suka yi kara, suka fid da kai, bununinsu ya gauraya da na jajayen a cikin iska. Da kaka Kuluwa ta yanke zangarniyoyin, ba ta ci ko ɗaya ba, ta rataye su a rumbu. Ranau ya yi ta ƙorafin an hana shi sadaki.

Da damina ta zagayo ta shuka su su kaɗai, ba jar dawa a kusa, don ta ga gaskiyar magana. Wasu suka tsaya iya gwiwa, suka langaɓe. Wasu kuwa suka wuce, kore shar, da ɗan ja-ja a gindin kara. Kuluwa ta durƙusa wurin ɗaya daga cikinsu, ta tone gefe da yatsa a hankali, ta bi saiwar. Siririya ce, doguwa, ta nutse ƙasa har hannu bai kai ƙarshenta ba. Ta sami wani ɗan reshe, ga ɗigo a bakinsa. Ta ɗan taɓa harshe a ƙasar da ke gefensa. Tsami.

Ranau na bakin shinge yana kallo. Ya ce, "Yaya, baƙuwa? Wa ta ɗauko?"

Kuluwa ta yi dariya har da riƙe ciki, irin dariyar da ba a taɓa ji daga bakinta ba a tudun nan. Ɗan fari ake jin kunya, jika kuwa abokin wasa ne.

Ta ce, "Tsayin ubanta, rigimar uwarta." Ta sunkuya kan tsiron, ta mai da ƙasa ta rufe saiwar, tana daddaɓawa da tafin hannu. "Ke, rigimammiya, mai bakin tsami. Yi kukanki, ƙawata. Kakarki na nan zaune, kuma ba mai share miki."